Ƙwaryar Burkutu a Bakin Rijiya

Mu mutanen Tozai ba mu da abin tinƙaho da ya wuce Labbo mai haƙar rijiya. Daga Isa har Sabon Birni, duk inda ƙasa ta yi taurin kai shi ake kira, Turawa ma sun san da zamansa.

Sai dai daga yaƙin Bama, inda Turawa suka kai shi soja, ya dawo da ciwo. A can ya koyi shan giya, kuma duk ranar da ya sha sai zuciyarsa ta rikice, ta yi gudu, ta tsaya, ta sake zabura kamar kaza a hannun mahauci. Ta taɓa yi masa haka a cikin rami, a sume aka jawo shi. Tun ran nan ya bar sha.

Wata shekara arnan wani ƙauye kusa da Gatawa suka ɗauke shi aiki, don matansu sun gaji da doguwar tafiyar neman ruwa. Al'adarsu kuwa, ranar da aka cim ma ruwa, babban mahaƙi zai shanye ƙwaryar burkutu, sannan ya sauka ya ɗebo na farko. In ya ƙi, ya raina su ke nan, ba mai shan ruwan.

Ranar ta zo, Yari dattijon garin ya miƙo ƙwarya. In Labbo ya sha ya sauka, da wuya ya fito da rai. In ya ƙi, rijiya ta tashi a banza. Bai tsaya yi musu wa'azi ba, sai ya kama hannun tsohon ya ɗora a ƙirjinsa.

"Baba, ji yadda taka ɗingishi, yau ko ba ta sha komi ba. In na sha, gawa za ku hiddowa, ba ruwa ba."

Yari ya daɗe bai janye hannu ba. Can ya kafa kai ya shanye ƙwaryar tas, ya goge baki.

"To, yau ni na babba, kai na mai igiya. Ɗaura man."

Labbon da sai dai a riƙe masa igiya, ran nan shi ya riƙe wa wani, a gaban jama'a, ko a jikinsa. Ya sauke tsohon a hankali, ya jawo shi da ƙwarya cike da ruwa. Matan garin suka sha har suka ƙoshi.