Saukowar Wattie Strachan

Effie Galbraith tana ɗiga masa lemo a baki da cokali ke nan sai motar kamfanin lemo ta wuce a ƙasa, ginin ya girgiza, garin farar ƙasa ya zubo daga rufi a kan bargon tsohon. Ta sa hannu ta kakkaɓe. Wattie Strachan, maƙwabcinta, ya buɗe ido ɗaya.

"Mijinki ne wannan. Ba mai taka birki kamar yana jin haushin mota sai Dougal."

"Sha, Baba, ka bar mini miji ya huta."

Lemon nan kaɗai cikinsa ke karɓa yanzu, shi ma sai an buɗe kwalbar ta kwana, gas ɗin ya fita. Jiki ya ƙare, amma baki bai mutu ba, kowane cokali sai ya kushe shi. Wai wannan ruwan rini ne. Na gaskiyar shi ne wanda tsoho Mossman yake damawa da muciya a rumfar bayan kantinsa, zamanin da kamfanin gaba ɗaya bai wuce Mossman da matarsa mai wanke kwalabe da doki ɗaya ba, sai Wattie mai jan dokin. Rumfa ta zama gini, gini ya cinye filin ƙwallo, dawakai suka cika barga. Daga baya aka sayar da su aka sayo motoci, aka miƙa wa Wattie tsintsiya da gadin ƙofa. Yanzu jikan Mossman har Ingila yake kai lemo, injinan cika kwalba suna neman wurin miƙe ƙafa, wurin kuwa shi ne wannan tsohon benen haya. Kamfani ya saye shi don ya rushe. Maƙwabta duk sun kwashe zuwa sababbin gidajen da hukuma ta gina a bayan gari, saura ƙofa biyu masu kallon juna a can sama, ta Wattie da ta su Effie.

Abu ɗaya ya roƙe ta, tun ranar da ya kwanta. Ba shi da ɗa, ba shi da kowa sai ita.

"A ɗakin nan matata Jessie ta kwana a akwatin gawarta, mazan gidan nan suka sauko da ita a kafaɗa. Ni ma haka nake so. Kada ki bari a fitar da ni da rai, yarinya."

Ta ce to. Lokacin likita ya ce kwanaki suka rage, saboda haka alkawarin bai yi mata nauyi ba. Sai kwanakin suka zama makonni, tsohon nan kuwa ko mutuwa sai ya ja mata rai.

Ranar Alhamis Dougal ya dawo aiki, ya zauna gaban dankali da naman da ta ajiye masa, bai taɓa ba.

"Asabar za mu tashi. An ba ni aron mota."

"Shi fa?"

"Nas ta ce motar asibiti za ta zo ta ɗauke shi, in kin yarda."

"Ka san na yi masa alkawari."

"'Ya'yanki fa, ba ki yi musu ba? Saurari tarin Morag, tun da damshin bangon nan ya kama mata ƙirji. In ba mu shiga sabon gidan ba ranar Asabar, wasu za a ba. Litinin za a yanke ruwa da wuta a nan." Ya ture faranti. "Yau manaja ya kira ni ofis, Effie. Ya tambaye ni ko direban kamfani ne ni, ko mai gadin tsofaffi."

"Me ka ce masa?"

"Me zan ce? Da lemonsa muke ci."

Ba ƙarya ya yi ba, abin da ya fi ɓata mata rai ke nan.

Da safe ta ɗauki shayi ta tsallaka. A bakin ƙofarsa ta tsaya, ta kasa kunne. Shiru. Ta ƙara matsawa. Can sai ta ji tarinsa, gabanta ya faɗi, a take kuma ta gane cewa shirun take fata. Kunya ta rufe ta. Mutumin da ya riƙe mata Morag a coci ranar suna, yau ita ce take laɓe tana jiran numfashinsa ya tsaya.

Da ta shiga, kallo ɗaya ya yi mata.

"Ina nan dai, yarinya. Ki yi haƙuri."

"Wace irin magana ce wannan, Baba?"

"Bangon nan takarda ne. Tun kuna amare nake jin faɗanku, da shirinku ma." Ya yi dariya, tari ya karɓe ta. "Kira motar asibitin. Na canza shawara. An ce asibitin akwai ɗumi, ga 'yan mata masu farin kaya suna juya mutum."

"Ƙarya kake yi."

"To, ƙarya nake. Je ki kira su."

Ta tsaya tana jiran bakinta ya ce a'a, amma bai ce ba. Ta gyara masa matashi, ta sauka zuwa ɗakin buga waya na bakin titi, ƙafafunta har sauri suke yi. Wannan saurin ne ba ta yafe wa kanta ba.

Ranar Asabar wasu samari biyu da bai sani ba suka ɗora shi a kujera, suka ɗaure shi da ɗamara, suka fara sauka. Dougal ya raɓe a bango da teburin cin abinci a bayansa don su wuce.

"A hankali, kai mai ƙaton kai," in ji Wattie. "Ko kiret ɗin kwalabe ba a ɗauka haka."

Samarin suka yi dariya. Amma a kowace kwana sai ya miƙa hannu ya damƙe ƙarfen matattakala, su tsaya, ɗayansu ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. A kwanar ƙarshe sun kasa, sai Effie ce ta sa hannu ta cire masa. Yatsun da sanyi, kuma da yake ita ce bai yi gardama ba. Bai dube ta ba har aka rufe motar.

Sabon gidan yana da famfon ruwan zafi da taga mai faɗi. Morag ta kwana ba tari. Asibiti kuwa sai an hau bas biyu, ga kaya ba a gama kwancewa ba, Effie ta ce gobe, gobe ta ce jibi. Ranar da ta je, da kwalbar lemo a jaka wadda ta buɗe tun jiya, ta tarar an naɗe katifar gadonsa. Nas ta ce da hantsi ya cika, bai sha wahala ba.

"Ya nemi wani?"

"Ya tambaya ko an fara ruwa. Shi ke nan."

Daga wurin masu shirya gawa aka ɗauke shi zuwa maƙabarta. Effie ta roƙi direban ya bi ta tsohon layinsu, ya ce ba hanya ba ce, ta ce ta sani. Da suka iso an kewaye wurin da katako, an riga an cire fuskar ginin. Motar gawa ta rage gudu. Effie ta leƙa ta ɗaga kai. Can sama ɗakin Wattie yake a buɗe, ba rufi, yayyafi yana sauka a ciki. Takardar adon da ke manne a bangon duk ta yi baƙi da hayaƙi, sai daidai inda gadon yake, nan furanninta suna nan shar kamar jiya aka manna.