Kujerar Mista Lin

"Amin, amin, Allah ya ba da lada," Mijinyawa ya ce, ya mayar da wayar aljihu. Bai kai ƙofar sito ba ta sake yin ƙara.

Kwana uku ke nan da rasuwar mahaifiyarsa, Inna Sabuwa, a Kano. An kai ta makwancinta tun kafin ya fara neman tikitin jirgin komawa gida. Tun ranar kuwa ba a bar shi shi kaɗai ba ko na minti biyar. Su takwas ne a ɗakinsu na unguwar Karama a nan ƙasar waje, a kasuwar Murshid kuma duk Bakanon da ya zo haɗa kayan da zai aika gida sai ya riƙe hannunsa ya ce, "Sai haƙuri, ka daure, kai namiji ne." Ya yi ta daurewa har ƙirjinsa ya yi nauyi kamar an ɗora masa katan ɗin tayil. Ko ɗigon hawaye bai zubo ba, abin har tsoro yake ba shi. Wane irin ɗa ne shi?

Siton na Mista Lin ne, wani dattijo ɗan ƙasar Sin mai sayar da tayil, a nan kuma Mijinyawa yake aiki. Kullum bayan cin abinci Lin yakan zauna a ɗan ofishinsa ya zuba wa wata doguwar takarda da ke rataye a bango ido. Mijinyawa da tausayi, da ya gan shi haka sai ya faɗa masa da surutu, wai kada kaɗaici ya kashe bawan Allah. Ran nan dai ya tambaye shi abin da aka rubuta.

Da Turancinsu na kasuwa Lin ya ce waƙa ce, ta haura shekara dubu. Wani mutum ne zaune a bakin rafi tsakanin duwatsu, ba kowa. Ganye ya faɗo kan ruwa, yana kallo har ya wuce.

"To, sai me ya faru?"

"Khalas," in ji Lin da Larabci, wato shi ke nan.

Mijinyawa ya yi dariya har da dukan cinya. "Allah sarki, ba shi da dangi ne? A garinmu da tuni an nemo masa malami!"

Yau kam babu dariya. Lin ya riga ya ji labari wurin Idris direba. Hannun Mijinyawa ya ja zuwa ofis, ya zaunar da shi a kan kujerarsa, ya zuba masa shayi marar sukari, ya karɓi wayar ya kashe ya saka a durowa. Sannan ya fita ya ja ƙofa.

Ran Mijinyawa ya ɓaci. A ina aka taɓa barin mai makoki shi kaɗai kamar mara gata? Ya yunƙura zai tashi, sai gajiya ta mayar da shi.

Shiru. Sai ƙarar esi can ƙasa-ƙasa. Ya ɗaga kai, a karon farko ya kalli takardar da kyau. Rubutun layi huɗu ne kacal, da zanen wani ɗan mitsitsin mutum a ƙasa. Sauran duk fili ne, an bar shi fari tas. Ashe wanda ya tsara wannan waƙa ya san abin da yake yi! Sai ya tuna Inna bayan sallar asuba, zaune a kan tabarma gindin darbejiya, tana korar su da bakin carbi: "Ku ba ni wuri in ji da raina."

"Inna," ya ce a hankali. Kukan ya zo masa gaba ɗaya, kuma babu wanda ya ce ya daure.

Can ya jiyo muryar Idris a waje. "Ina Mijinyawa ne? Yalla, a yi sauri, kaya na jira!"

"Shwaiya, shwaiya," in ji Lin, wato a bi a hankali. "Yana bakin rafi."