Jirgin Alfari a kan tudu

Shekara huɗu bayan samun mulkin kai, soja suka cika Gaya. An ce 'yan tawaye suna ƙetaro kogi daga ƙasar Dahome da bindigogi, don haka kumandan ya sa aka janye duk jiragen masunta zuwa tudu, aka kife su a rana.

Cikinsu har da na Alfari, mijin Kadi, wanda ya rasu da damina. Gona ba shi da ita. Jirgin nan kaɗai ya bari, shi take ba masunta aro su kawo mata kifi. Kowa a bakin kogi ya san jirgin katako in ya bushe tsagewa yake yi.

Kullum da sassafe Kadi takan ɗebo ruwa tulu shida ta jiƙa shi, ta rufe da ciyawa. Mai gadin wurin wani kaporal ne na soja, Halidu, mutumin Tanut, wanda bai taɓa ganin kogi ba sai bana.

"Inna, wanka kike yi wa itace?" in ji shi.

"Kai da ba ka san ruwa ba sai na guga, ina ruwanka? Matsa min."

Ya yi dariya, ya matsa. Daga baya har tulun yakan sauke mata, ita kuma ta kawo masa ƙosai a ganye.

Rannan aka kama mutum biyu wajen ƙauyen Bengu, aka hana kowa zuwa bakin kogi har kwana tara. Kadi ta zauna a gida tana duban rana.

Da aka buɗe hanya ta tafi da sauri. Halidu ya tarbe ta da murna.

"Kwantar da hankalinki, Inna. Kullum sai na zuba masa ruwa. Da azahar ma nake yi, lokacin da ya fi jin ƙishi. Ciyawar kuma na kwashe, kada ya ruɓe."

Kadi ta durƙusa. Ruwan sanyi a kan katako mai zafi! Tsaga ta bi cikin jirgin daga kai har gindi, yatsanta na shiga.

Ta daɗe tana shafawa. Halidu yana tsaye yana jiran ta yi magana.

"Sannu da aiki, ɗana," ta ce. "Allah ya mai da kai gida lafiya."

Ta tashi a hankali, ta kama hanyar gari.