Tsamiyar Firdausi

Ruwa ya kai wa Yusuf gwiwa kafin Hussaina ta cim masa. Ko wandonsa bai naɗe ba. Hannunsa na dama a sama riƙe da takardu, ƙafarsa tana laluben laka.

"Yaya Yusuf! Ka haukace ne? Ɗalibanka 'yan lakwal sun ce ka bar su da alli a ƙasa ka fito da gudu!"

Bai waiwayo ba sai da yatsun ƙafarsa suka ci karo da abu mai tauri. Kututture. Ya hau ya tsaya a kai, kafaɗunsa suka sauka.

"Ga ta nan," in ji shi. "Tsamiyar yayarki."

Hussaina, ƙanwar matarsa marigayiya, ta ajiye bokitin ban-ruwa a bakin gaɓa.

Da safen nan ambulan ya iso daga Yamai. Masu mujallar bincike sun saba aiko masa duk maƙalar da ta shafi tabkin Madarumfa, ya duba kafin a buga, tunda nan ya yi nasa nazarin. Kamar kullum an cire sunan marubuci, don kada sanayya ta shiga hukunci. Yana tsaye gaban aji ya buɗe shafin farko, sai ya ji muryar matarsa Firdausi.

Ya karanto wa Hussaina, yana juya Faransancin zuwa Hausa: "Matan lambu ba sa bin ruwa. Ruwa ne ke ja baya, yana bar musu gado kowace safiya."

"Maganarta ce," Hussaina ta ce a hankali. "Wallahi har da yadda take jan numfashi."

"Ni na buga mata kundin a keken rubutun lakwal. Tana zaune a taga tana ɓare gujiya, tana cewa yatsuna sun fi na kuturu nawa."

Firdausi ta kai kundin digirinta jami'a, sai yajin aiki ya rufe ƙofofi. Kafin a buɗe, haihuwa ta tafi da ita, ita da abin da ta haifa. Kwafin da ya rage a gida gara ta cinye. Shekaru ke nan Yusuf na ƙoƙarin tuno jimlolinta, suna zille masa ɗaya bayan ɗaya. Yau ga su duka a hannunsa, babu wadda ta ɓata.

"To mi ya kawo ka cikin ruwa?"

"Mai maƙalar ya ce bara, ranin 1995, ya zauna ƙarƙashin tsamiyar da mata ke shimfiɗe goyonsu, ya yi hira da su. Yaushe ta faɗi, Hussaina?"

"Damanar da muka rufe Yaya. Ambaliya ta karya ta."

"Shaidata ke nan. Ba ni da wata."

Hussaina ta tsugunna, tana wasa da bakin zanenta. Can gefe mata na dasa albasa a lakar da ruwa ya bari jiya.

"In ka ce na sata ne, mi za su yi?"

"Su jefa shi kwandon shara."

"In ka yi shiru fa?"

"Su buga. Ya je har Dakar, har Faransa."

"To ka bari, Yaya. Ba abin da take so ke nan ba? Kullum tana cewa wata rana za a karanta matan Madarumfa a ƙasar Turawa. Suna mi ne? Mu mun san muryarta."

Yusuf ya dubi takardun. Ya ga kansa da mujallar a aljihu, yana buɗewa duk lokacin da gidan ya yi masa faɗi. Kalma ɗaya zai rubuta a ƙasan shafi, shi ke nan.

"An rufe ta sau ɗaya ina kallo," ya ce. "Ba zan sa hannu a sake rufe ta da sunan wani ba."

"Kai dai ka cika taurin kai. Shi ya sa ta aure ka." Ta share ido da gefen mayafi. "To ka bar mini shafin farkon."

Ƙarar mota ta katse su. Wata farar fijo ta tsaya bayan shingen lambu. Wani mutum ya fito cikin kwat mai ruwan toka, kyamara rataye a wuyansa, yana taka laka da ƙyanƙyami.

"Salamu alaikum. Daga Yamai nake. Na yi wani rubutu kan matan lambun nan, masu bugawa sun ce sai na haɗa da hoto." Ya waiga hagu, ya waiga dama. "Ina wata babbar tsamiya da ke nan bakin ruwa?"

Hussaina ta miƙe tsaye. Yusuf ya ninke takardun a hankali, ya zura a aljihun gaba, ƙafafunsa na kan kututturen.

"Wa alaikumus salam," ya ce. "Cire takalminka, malam. Shigo in nuna maka."