Rubutun Lokotoro

"Kada ki taɓa ta da jiƙaƙƙen hannu!" Muttaƙa ya daka wa matarsa Hinda tsawa, har tari ya sarƙe shi.

Wata 'yar takarda ce yake wa wannan gadin. Danga ɗaya ta raba gidana da nasa a Yekuwa, don haka na san zancenta sarai. Tun bayan cirar gyaɗa cikinsa ya kumbura, ƙafafunsa suka yi suntum, in ka danna da yatsa ramin ba ya cikowa. Malamin asibiti a Magarya ya duba shi, ya girgiza kai, ya rubuta masa takardar da shuɗiyar tawada. Ya ce Alhamis ta sama lokotoro, wato babban likita, wani Nasara, zai zo daga Damagaram. Sau ɗaya yake zuwa a wata, kuma marar takarda ba ya ƙetare ƙofa.

Muttaƙa ya shiga shiri kamar mai zuwa gaban alƙali. Wanzami ya yi masa aski, aka wanke babbar rigarsa aka kai bugu. Kullum da la'asar sai ya sa ni in zama lokotoro.

"Tambaye ni, Lado."

"Ina ke ma ciwo?"

"Ranka ya daɗe, nan ƙasan haƙarƙari." Sai ya tsaya. "Ko in fara da ƙafa?"

"Fara da inda ka ga dama, shi ba Hausa yake ji ba."

Ya yi dariya. Ni kam ban iya ba, don idanunsa sun koma launin garin ɗorawa.

Ranar Laraba da hantsi na ji salatin Hinda. Na tarar da shi kwance, numfashi sama-sama, bai ma gane ni ba. Na ruga aron jaki wurin wani ɗan unguwarmu, Maikano, don mu kai shi asibiti. Kafin in dawo ya buɗe ido, har ya ɗan sha kunu. Hinda na gefe, ta naɗe masa takardar a tsumma, ta ƙi yarda mu haɗa ido. Na lura, ban tambaya ba, kuma har gobe ina jin haushin kaina.

A ranar muka kama hanya, ni da ita muna tallafe da shi a kan jakin. Muka kwana a wani ƙauye, hantsin Alhamis muna bakin ƙofar asibiti. Muttaƙa ya miƙa wa gardi, mai tsaron ƙofa, tsumman da hannu biyu.

Gardin ya kwance, ya juya takardar gaba da baya. Duk ta yamutse, fara fat, sai ɗan shuɗi-shuɗi a gefe.

"Ina rubutun?"

Hinda ta durƙusa. "Ni na wanke na ba shi ya sha. Jiya na ga zai tafi ya bar ni. Na ce rubutu ai rubutu ne, kuma ga shi ya tashi."

Na so in zage ta, sai na fasa. Da uwata ce ma, abin da za ta yi ke nan.

"Wallahi baiwar Allah, in na shigar da ku ni za a kora," in ji gardin. "Ku jira malamin asibiti ya fito, yana ciki yana wa Nasara tafinta."

Muka kwantar da shi gindin wata tsamiya. Muttaƙa ya ce in gyara masa wuyan riga. Masu takarda suna ta shiga suna fita, azahar ta yi, malamin bai leƙo ba. Sau uku na koma wurin gardin. A dawowata ta uku na ga ƙirjinsa ya daina motsi.

Hinda na zaune a gefen kansa da faifai tana kore masa ƙuda. Mutanen da ke gindin tsamiyar duk sun gani. Ita kuwa ta ci gaba da yi masa fifita.