Wa Zai Kai Fermín Wankin Ƙoda

Hilario Quihuis ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana haƙar tagulla a kudancin Arizona. Abin da ya fito da shi daga ramin bai wuce tari, da farar a-kori-kura, da ra'ayi a kan kowane abu ba. Kaburburan kakanninsa sun girmi shingen kan iyaka, kuma ba ya barin kowa ya manta da haka.

Fermín kuwa, mijin ƙanwarsa Leocadia, da ƙafa ya tsallako iyakar tun yana saurayi, har ya yi furfura bai mallaki takardar zama ba. Kowa a dangi ya sani, ba mai faɗa. Da ƙodarsa ta gaza, Hilario ne ya ɗauki nauyin kai shi wankin ƙoda a babban gari, domin Leocadia ba ta iya tuƙi ba. In aka fasa zuwa, ƙafafun Fermín kan kumbura har takalmi ya ƙi shiga, numfashi ya soma yi masa gardama.

Ana nan sai majalisar jiha ta yi sabuwar doka: duk wanda ɗan sanda ya tsayar, in ya yi zargin ba shi da izinin zama, sai ya nuna takarda. Hilario ya yi na'am da ita. Da aka shirya muhawara a zauren coci, masu goyon bayan dokar suka ba shi kujera a kan dandamali, tsakanin ɗan majalisa da wani babban ɗan sanda. Ya ɗauka iliminsa suka gani. Fuskarsa suke so, wadda ba ta Bature ba, don ta fito a hoto.

"Yaya, yau kai ne kwalliyar tebur?" in ji Leocadia a bakin ƙofa. "Da ka faɗa mini ai da na shafa maka mai."

"Ke dai shiga ki zauna. Magana ce ta manya."

Da aka miƙa masa abin magana ya gyara hula, ya ce doka ba ta duban fata. Masu safarar ƙwaya take nema, da waɗanda ke yanka shingen makiyaya suna barin shanu a titi. Mutumin kirki ba abin da zai same shi. Aka yi tafi. Ɗan majalisa ya dafa kafaɗarsa kamar mai taya doki a kasuwa.

Wata lauya daga cikin jama'a ta miƙe ta tambayi ɗan sandan yadda ake gane wanda za a zarga. Ya yi gyaran murya, ya ce ba fuska suke dubawa ba, sam. Suna duban irin tufafi, da takalmi, da yawan mutane a mota, da yadda mutum ke Turanci.

"To wane irin takalmi ne ba shi da takarda?" wani ya jefo daga baya. Zauren ya kwashe da dariya. Ɗan sandan bai yi ba.

Lauyar ba ta zauna ba. Ta ce akwai wani sashe da ba a faɗa wa mutane ba: wanda aka kama ɗauke da marar takarda a motarsa, yana sane, za a iya tuhumarsa, a kuma tsare motar. Hilario ya tuna da Fermín. Bai karanta dokar ba. Kusan duk waɗanda suka cika zauren suna ɗaga murya, na dama da na hagu, ba su karanta ba.

Ya karkata ga ɗan majalisa, ya yi ƙasa da murya. "Ranka ya daɗe, in mutum mara lafiya ne fa ake kai shi asibiti?"

"Haba, dattijo Hilario, mutum irinka wa zai tsayar?" Ya faɗi haka idonsa na kan mai ɗaukar hoto.

Da ya mayar da Leocadia gida, suka tsaya a ƙofarta, ta juyo ta dube shi.

"Ranar Talata dai kana nan ko?"

"Bari in yi tunani."

"Tunani? Ƙodar ce za ta jira ka ka gama tunani? Ba kai ka ce mutumin kirki ba abin da zai same shi ba? Ko Fermín ya daina zama mutumin kirki ne tun da yamma?"

"Ke ba ki gane ba. In suka ƙwace motar nan da me zan…"

"Na gane sarai. Allah ya bar ka da motarka, Yaya."

Dabara ta zo masa washegari, kuma ya yi alfahari da ita. Maƙwabciyarsa Misis Vollmer, tsohuwar malamar makaranta, Baturiya ce fara sol mai gashi kamar auduga. A ƙofar gidanta akwai allon goyon bayan dokar. Ya je ya roƙe ta, ta amsa tun bai rufe baki ba.

"Fermín? Wanda ya gyara mini rufi? Ai ko yau. Ni fa tunda nake ba a taɓa tsayar da ni ba, ga shi fitilata ta baya ta mutu tun bara."

Bai tambayi kansa dalilin da ya sa ita ya zaɓa ba, duk da unguwar cike take da masu mota. Akwai tambayoyin da mutum ke kewayewa kamar kashin kare a hanya.

Ranar Talata aka tallabo Fermín aka sa shi a kujerar gaba. Ya leƙo ta taga ya dubi Hilario.

"Suruki, an yi mini canjin direba ke nan? To madalla. Wannan ko ba komai ba za ta yi mini wa'azin siyasa ba."

Sai da suka tashi Hilario ya tuna idon Misis Vollmer ba ya gani sosai. Ya shiga a-kori-kurarsa ya bi su a baya, shi kaɗai, ya bar tazara yadda ba mai cewa tare suke. Tuƙin da ya gani ya isa ya tsayar da zuciya. Tana hawa layin tsakiya tana sauka, ta wuce alamar tsayawa kamar ba da ita ake ba.

Bayan gadar busasshen kogi akwai motar 'yan sanda a laɓe a gindin itace. Misis Vollmer ta wuce ta tana tangaɗi. Motar ba ta motsa ba. Da Hilario ya iso, a hankali, hannu biyu a kan sitiyari, sai fitilun motar 'yan sandan suka kama a bayansa.

Ɗan sandan yaro ne, fatarsa irin ta Hilario, sunan da ke ƙirjinsa ma na mutanensu ne.

"Baba, carbin nan da ka rataya a madubi yana tare maka gani. Laifi ne. A ina aka haife ka?"

"A ina aka haife ni? Yaro, ni ne fa na zauna kusa da mai gidanku a coci ina kare…"

"Na ji. Kawo takardunka. Ka bar ɗaya hannun inda nake ganinsa."

Hilario ya zaro jakarsa ya miƙa. Yaron ya koma motarsa ya zauna, ba ya sauri. Rana ta yi zafi, masu wucewa suna rage gudu don su kalli tsohon da aka kama. Can gaba, motar Misis Vollmer ta hau tudu tana cin rabin hanyar wasu, ta gangara wajen asibiti da Fermín a ciki, ba wanda ya ko ɗaga mata hannu.