Ƙarin Igiya

Guga ya sauka rijiya, amma Illo bai ji tsulum ɗin da ya saba ji ba. Ya janyo shi a bushe. Tun kaka yake ƙara igiya, ƙulli bisa ƙulli, har ta ɗaurin akuya ta shiga. A bayansa albasa ta kwanta, ita kuwa yake sa ran ta kai gidansa damina, tunda gero bai yi ba bana.

Abin da ya fi ci masa rai, da bakinsa ya yarda. Bara ne mutanen furoje, wato wani shirin raya karkara, suka zo Madarumfa da zancen bini-da-zugu, wai za a matse 'ya'yansa a sami man inji da ba ya ɓata iska. Suka roƙi su kafa famfo mai inji a gefen lambunsa. Illo har dariya ya yi. Itacen shinge, wanda ko akuya ba ta kallo, shi za a yi wa ban-ruwa? To amma tun kaka da kakanni ba a hana baƙo ruwa. Ya ce su sha, na Allah ne. Bai san akwai baƙon da ba ya ƙoshi ba.

*

Ya iske ƙanensa Gambo, mai gadin gonar furoje, zaune kusa da injin.

"Gambo, ku kashe shi ko na yini biyu ne, ruwa ya taru."

Gambo ya sunkuyar da kai. "Yaya, ni ma da iyali. Darakta ya ce in ganyen nan ya yi yaushi, a bakin aikina."

"Ya san muna nan kuwa?"

"Ya ce don a gyara duniya ake yi."

Illo ya juya ya nufi lambunsa. Ina zai kai kuka? Maigari ya riga ya tuna masa cewa shi ya ce a sha.

*

Da la'asar matarsa Tani ta shigo lambun. Ta miƙo masa igiyar shanya, ita ce ta ƙarshe a gidan. Ya ƙulla, ya zura. Guga ya yi nauyi, ya shiga ja da sauri don murna. Da ya iso baki, laka ce.

Illo ya durƙusa, ya damƙi lakar, yana matsa ta a gindin albasa guda. Tani ta kau da kai. Bayan shinge injin na ta tuttulo ruwa, yana malala tsakanin ganye kore shar.